Sayen Tsohuwar Katafila da Ta Shekara da Shekaru a Ajiye: Tambayoyi da Amsoshi

Sau da yawa mutum zai wuce ta bayan wata gona ko gefen wani filin aiki, ya hangi katafila a tsaye, ciyawa ta tsiro ta cikin kacarta, fentin jikinta ya ƙoƙe, sai zuciyarsa ta fara lissafin cewa da ɗan kuɗi kaɗan zai iya mallakarta ya tayar da ita. Wani lokaci lissafin yakan yi daidai, wani lokaci kuma yakan jefa mai shi cikin kashe kuɗin da ba shi da iyaka. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu wannan niyya suka fi yi.

Zaman da katafila ta yi ba ta aiki yana lalata ta ne, ko kuwa hutu ne a gare ta?

Yana lalata ta, kuma ta hanyoyin da ido ba ya saurin gani. Injin da ke aiki kullum yana wanke cikinsa da baƙin mai, zafinsa kuma yana korar danshi. Idan aka ajiye shi, man yakan tsiyaye ya koma ƙasa, bangon silinda ya bushe, raɓa da gumin ƙarfe su riƙa taruwa a cikin tankin mai da akwatunan giya shekara bayan shekara. Robobin da ke tare mai sukan bushe su tsattsage, tiyo ya ƙage, ɓeraye su gaigaye wayoyin lantarki su yi sheƙa a cikin matatar iska. Man gas ɗin da aka bari a tanki shi ma yakan tsufa, kuma a daidai inda ruwa ya haɗu da mai wasu ƙananan halittu sukan hayayyafa su zama baƙin yauƙi mai toshe filta.

Amma wurin da aka ajiye ta yana da tasiri ƙwarai. Katafilar da ta yi shekara goma a ƙarƙashin rumfa, a kan busasshiyar ƙasa, an rufe bakin salansarta, tana iya fin wadda ta yi shekara uku kacal a fili cikin laka lafiya nesa ba kusa ba.

Wace tambaya ce ta farko da ya kamata a yi wa mai ita?

A tambaye shi dalilin da ya sa aka ajiye ta. A ganina wannan tambaya ta fi duk sauran nauyi, domin ba kasafai ake barin injin da ke kawo kuɗi ya zauna haka kawai ba. Akwai dalilai masu kwantar da hankali, kamar a ce mai ita ya rasu magada ba su san kan aikin ba, ko aikin da aka saye ta dominsa ya ƙare, ko an sayi wadda ta fi ta. Akwai kuma dalilin da ake ɓoyewa, wato wani abu mai tsada ya karye a cikinta, mai ita ya ji kuɗin gyaran ya haƙura.

Amsar da aka fi ji ita ce, "Lafiyarta ƙalau aka ajiye ta." Mai faɗa yana iya kasancewa mai gaskiya, sai dai maganarsa ta shafi ranar da aka kashe ta ne, ba ta ce komai a kan yau ba. Saboda haka mai saye ya dubi yadda take tsaye. Wadda aka kawo gefe guda aka daidaita, aka sauke ceburinta a kan katako, aka kife gwangwani a bakin salansa, alama ce ta an ajiye ta da niyya. Wadda kuwa take tsaye a karkace a tsakiyar fili, da tulin ƙasa a gaban ceburinta, an kwance wani murfi an ajiye notuna a kan kujera, wannan a wurin ta mutu, kuma wani ya fara gyara ya bari. Idan za a iya samun direban da ya tuƙa ta a ƙarshe, to hira da shi ta fi hira da mai ita amfani.

Me zan duba kafin a taɓa makulli?

A fara da salansa. Yawancin katafilu bakin salansarsu sama yake kallo, idan ba a rufe ba ruwan sama yakan bi ta nan ya shiga silindar da bawul ɗinta ke buɗe, ya kwanta a kan fistin, tsatsa ta haɗe ringi da bangon silinda.

Daga nan sai a nemi ruwa a duk inda mai yake. Ruwa ya fi mai nauyi, don haka a injin da ya daɗe a tsaye yakan kwanta a can ƙasa, gejin baƙin mai kuma ya nuna mai tas kamar babu komai. Hanyar ganewa ita ce a shiga ƙarƙashi da sifana da wani mazubi mai tsabta, a sassauta notin juye mai a hankali, zare biyu ko uku kawai, ba tare da an cire shi ba. Idan akwai ruwa, shi zai fara ɗigowa, garau, kafin baƙin mai ya biyo baya. 'Yan ɗigo kaɗan gumin ƙarfe ne. Amma idan ya cika kofi yana ci gaba da zuba, musamman idan lagireto ya wayi gari babu ruwa a cikinsa, to ruwan sanyaya inji ne ya sami hanya, ko ta gasket, ko ta robobin gindin silinda, ko ta wata tsaga. Haka za a yi wa akwatin giya, da giyoyin ƙarshe guda biyu da ke juya kaca, da tankin man gas. A shafa abin da ya fito tsakanin yatsu, a duba shi a rana. Ɗan ƙyalli mai laushi abin da aka saba gani ne a tsohon inji, amma ɓarɓashin ƙarfe da yatsa ke ji yana nufin haƙoran giya ko boris sun fara farfashewa.

A ƙasashen da ruwa ke daskarewa da sanyi, a duba jikin injin da kyau, domin ruwan da aka bari a ciki ba tare da maganin daskarewa ba yakan kumbura ya tsaga ƙarfen.

Idan injin ya cije, ya ƙi juyawa, shi ke nan an bar maganar?

Ba lallai ba ne. Da farko a tabbatar injin ne ya cije, domin wani lokaci kik ne ya maƙale, ko famfon haidirolik, ko kuloci. Idan tsatsa ce mai sauƙi ta riƙe ringi, akan cire injakta a zuba mai mai ratsa tsatsa a kowace silinda, a bar shi kwanaki ko makonni, ana gwada juya injin da hannu gaba da baya a hankali. Abin da ba a yi shi ne a ja ta da wata katafila don a tilasta mata, ko a danna kik alhali akwai ruwa a kan fistin. Ruwa ba ya matsuwa, saboda haka sandar fistin ce za ta lanƙwashe.

Ko da injin ya saki, bangon silindar da tsatsa ta ci ba ya komawa daidai, zai riƙa shan mai yana hayaƙi. Wanda zai sayi katafilar da injinta ya cije ya sa kuɗin sauke inji gaba ɗaya a cikin lissafinsa tun daga farko.

Yaya ake tayar da ita a karon farko?

A juya injin da hannu zagaye biyu cikakku, domin inji mai bugu huɗu sai ya yi zagaye biyu kowane bawul yake buɗewa ya rufe, kuma a nan ne za a gane ko wani ya maƙale. A buɗe matatar iska a kwashe sheƙar ɓera da ta zanzaro. Kada a ba injin tsohon man da ke tankinsa. A ja tiyo daga jarka mai sabon mai, a sa sabuwar filta, a fitar da iskar da ke cikin bututun. A juya shi da kik ba tare da an buɗe masa mai ba har sai agogon baƙin mai ya motsa, musamman idan yana da turbo, wato na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji. Manyan katafilu da yawa batir biyu suke amfani da su, masu ƙarfin bolt 12 kowanne, a haɗe su ba da 24, don haka a tabbatar kafin a jona.

Babban haɗarin wannan rana shi ne injin ya tashi ya ƙi tsayawa. Sandar da ke daidaita yawan mai a cikin famfon injakta tana iya maƙalewa a buɗe, sai injin ya yi ta ƙara gudu har ya tarwatse. An fi sanin injinan Detroit Diesel masu bugu biyu da wannan, irin waɗanda ke cikin tsofaffin katafilun Allis-Chalmers, amma kowane injin gas zai iya yi. Kafin a kunna, a tabbatar sandar tana kaiwa da komowa, kuma wani ya tsaya kusa da bakin shan iska da katako mai faɗi a hannunsa don ya toshe shi nan take. Ba a toshewa da tafin hannu ko tsumma.

Tsofaffin Caterpillar, irin su D2 da aka ƙera daga 1938 zuwa 1957 da 'yan uwanta na wancan zamani, ƙaramin injin fetur ne ke tayar da babban injin. Wannan ƙaramin inji yana da nasa kafireto da filogi da magineto mai ba filogin wuta, ke nan inji biyu za a farfaɗo da su. Tsofaffin katafilun kamfanin International Harvester jerin TD kuwa da fetur suke tashi, sai sun yi ɗumi a mayar da su kan gas.

Injin ya tashi, sautinsa kuma mai daɗi ne. Sai in biya?

A nan ne akasarin masu saye suke rasa kuɗinsu. Jin rurin injin da ya shekara bakwai a kwance yana sa farin ciki, mai sayarwa ma ya san haka, shi ya sa yakan ce, "Ka ji da kunnenka." Amma a jikin katafila inji shi ne ɓangaren da ya fi sauƙin gyara, kuma bakaniken da ya san shi ya fi sauƙin samu. Abin da ke cin kuɗi yana ƙasa, wato kaca da duk abin da take gudu a kansa, da kulocin juyawa, da giyoyin ƙarshe.

Na taɓa raka wani duba wata ƙaramar katafila da ta daɗe a ƙarƙashin bishiya. Bayan rabin yini muna fama ta tashi, baƙin hayaƙi ya fita ya washe, kowa yana murna. Aka ɗaga cebur, ta yi gaba, ta yi baya. Da direban ya ja sandar hagu har ƙirjinsa ya taka birki, sai ta ci gaba da tafiya miƙe kamar ba a taɓa komai ba, har sai da ya sauke cebur a ƙasa ya tsayar da ita dab da shinge. Mai sayarwa ya ce ai da ta yi zafi za ta saki. An yi awa guda ana kai da komo, ba ta saki ba, cinikin kuma bai yiwu ba.

Gwajin da ya isa a dogara da shi shi ne a yi aiki da ita aƙalla awa guda tana tura ƙasa, har komai ya yi zafi, domin giya mai amfani da matsin mai takan ja da kyau tana sanyi, sai man ya yi zafi ya tsinke rauninta ya bayyana. A lokacin ne kuma za a kalli agogon baƙin mai, a ga ko matsin ya faɗi, a cire murfin zuba mai a ga yawan hucin da ke fita, a leƙa lagireto a ga ko ruwan yana kumfa. Farin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi yana nuna ruwa ko injakta marar lafiya, shuɗi kuma yana nuna injin yana ƙona baƙin mai.

Yaya ake gane lafiyar kaca da ƙafafunta?

Masu ƙera waɗannan injina da kansu suna cewa kaca da kayanta suna cin kusan rabin kuɗin gyaran katafila a tsawon rayuwarta, kuma a tsohuwar katafila sabunta su gaba ɗaya yana iya fin kuɗin da aka saye ta. Don haka wannan duba yana buƙatar haƙuri, da cebur na hannu don kwashe ƙasar da ta bushe a jiki, da tef na awo.

A fara da tayar baya mai haƙora. Sabon haƙori kansa a daddaɗe yake, yana da faɗi. Wanda ya cinye yakan yi tsini kamar bakin zarto, wani lokaci ya lanƙwasa gefe guda. Sai a zura hannu ta ƙarƙashin kaca a shafa bushi, wato gajeren bututun ƙarfen da haƙoran ke kamawa. Lafiyayye a mulmule yake ko'ina, wanda ya ci aiki za a ji gefensa ya baje, wani ma ya huje har ana taɓa fin, wato sandar ƙarfen da ke cikinsa mai haɗa gaɓoɓin kaca. Akan juya fin da bushi sau ɗaya don a ci moriyar ɗaya gefen, saboda haka idan aka ji gefe biyu duk sun cinye, wannan dama ta riga ta wuce.

Sai tayar gaba. Yayin da fin da bushi ke cinyewa ta ciki, kaca takan ƙara tsawo, ana kuma tura tayar gaba da giris don a ɗame ta. Idan tayar ta kai ƙarshen hanyarta kacar kuma har yanzu tana lilo, kacar ta ƙare. Wasu sukan cire gaɓa ɗaya don a ɓoye wannan, don haka a ƙirga gaɓoɓin kowane gefe a gwada da abin da littafin injin ya ce. Awon da ya fi inganci shi ne a miƙe kacar a auna tsawon gaɓa huɗu a jere, daga tsakiyar fin zuwa tsakiyar na biyar, a kwatanta da awon sabuwa.

Zama yana ƙara nasa ciwon a kan wannan. Gaɓoɓin kaca sukan ƙage da tsatsa, musamman waɗanda suka nutse a laka, sai a ga kacar tana tafiya da ƙusumbi. Wasu sukan saki da aiki, wasu kuwa ba sa saki. Rololin ƙasa da na sama su ma a duba su ɗaya bayan ɗaya, domin wadda ta daina juyawa kaca takan goge ta har gefenta ya baje.

Mene ne matsalar kulocin juyawa?

Tsohuwar katafila tana juyawa ne ta hanyar yanke ƙarfi daga kaca ɗaya da kuma taka mata birki. Kowane gefe yana da kuloci mai faifai da yawa a jere. A injina da dama na da, waɗannan faya-fayai busassu ne, ba sa cikin mai, kuma idan danshi ya shiga ɗakinsu tsatsa takan manne su su zama dunƙule ɗaya. Kayan gyaran ba su ne abin tsoro ba, isa wurin ne aiki, domin a wasu injinan sai an cire kujera da tanki, a wasu kuma sai an raba kaca an sauke giyar ƙarshe. Injinan da kulocinsu ke cikin mai sun fi jure zama, don haka yana da kyau a san irin wanda ke cikin wadda ake nema tun kafin a je ganinta.

Zan iya dogara da agogon awannin aiki?

A'a. Yakan mutu, akan canja shi, wani kuma ya zagayo ya koma sifiri. Cinyewar fedar birki, da lilon sandunan tuƙi, da yawan waldar da ke jikin cebur da hannayensa sun fi shi faɗin gaskiya.

Ceburin fa?

Idan na haidirolik ne, a dubi sandunan silinda. Ɓangaren da ya zauna a waje yakan yi tsatsa ya yi ramuka, kuma da zarar ya shige ciki sai ya yaga robar da ke tare mai. A ɗaga ceburin a kashe inji a ga ko zai sauka da kansa da sauri. Tiyo kuwa a ɗauka kawai cewa duk za a canja su. Tsofaffi sosai da igiyar ƙarfe ake ɗaga ceburinsu, ba sa iya danna shi ƙasa sai da nauyinsa, kuma wannan yana rage amfaninsu a ƙasa mai tauri.

Za a sami kayan gyara?

Ya danganta da sunan da ke jikinta. Caterpillar, wanda aka kafa a 1925 bayan haɗewar kamfanonin Holt da Best, da Komatsu na Japan, da John Deere, da Case, duk suna nan, kuma akwai masu ƙera kayan da suka dace da tsofaffin injinansu. Wasu sunayen kuwa sun shuɗe. Sashen injinan gini na Allis-Chalmers ya haɗe da na Fiat a 1974 ya zama Fiat-Allis, International Harvester kuma ya sayar da nasa ga kamfanin Dresser a 1982. Irin waɗannan sau da yawa sai an nemi wata matacciya an ciri kaya a jikinta.

Kafin a yi ciniki, a kwafi lambar injin daga farantin da ke jikinta, a kai wa masu sayar da kaya, a tambayi kuɗin abu huɗu: kaca, tayar haƙora, faya-fayan kulocin juyawa, da kayan sauke inji. Idan aka yi ta nema ba a sami mai su ba, amsar ta fito.

Yaya zan ɗauko ta?

Wannan lissafi ne da ake mantawa da shi sai an biya kuɗi. D2 ba ta wuce 'yan tan kaɗan ba, amma babba irin Caterpillar D8K da ceburinta ta haura tan 30, sai babbar tirela mai gajeren gado, wani lokaci ma sai an cire cebur saboda faɗi, an kuma nemi izinin hukuma. Wadda ke tafiya da kanta hawa take yi. Wadda ba ta tashi kuwa sai an kawo abin da zai ja ta ko ya ɗaga ta, kuma injinan da birkinsu ke kamawa da kansa idan inji ya mutu sai an sake shi kafin su motsa. A duba kuma ko tirela za ta iya isa inda take.

Waɗanne takardu nake buƙata?

Shaidar cewa mai sayarwa shi ne mai ita, da takardar ciniki mai ɗauke da lambar injin da sa hannun shaidu. Katafilar da ta daɗe a wuri ɗaya takan zama ta gado da ba a raba ba, ko jinginar bashi, ko ta wani da ya bar ta a filin da ba nasa ba. Farantin lamba da aka cire ko aka goge dalili ne na janyewa.

Yaya ake yanke mata kuɗi?

Ƙasan farashinta shi ne abin da masu sayen tsohon ƙarfe za su biya a kan nauyinta, a cire kuɗin ɗauka. Samansa kuma shi ne kuɗin irinta mai aiki, a cire duk gyaran da aka gano, a ƙara cire wani kaso saboda abin da ba a gano ba tukuna. Duk ɓangaren da ba a iya gwadawa ba a lissafa shi a matsayin matacce, domin sayen abin da ba a ga aikinsa ba cinikin biri a sama ne. Idan mai ita ya hana a tayar da ita, farashinta ya koma kusa da na ƙarfe. Kuɗin da za a ba bakaniken manyan injina ya raka mai saye na yini guda shi ne mafi amfani a cikin duk abin da za a kashe.

Akwai haɗarin da ya kamata a kiyaye?

Akwai, kuma wasunsu na kisa ne. Kafin a zura hannu ko'ina a bubbuga, saboda maciji da kunama da zuma. Ba a shiga ƙarƙashin ceburin da haidirolik kaɗai ke riƙe da shi. Ba a neman yoyon tiyo da hannu, domin man da ke fita da matsi yana huda fata ya shiga nama, kuma wannan rauni ne na gaggawa ko da ramin bai fi na allura ba. Babban sifirin da ke bayan tayar gaba a matse yake da ƙarfin tan da yawa, kwance shi aikin masu kayan aiki ne, haka ma notin sakin giris na ɗame kaca ba a cire shi gaba ɗaya. Tsofaffin birki da kuloci sukan ƙunshi asbestos, wani ma'adini mai cutar da huhu, kada a hure ƙurarsu da iska. Katafilu da yawa na da ba su da ƙarfen kariya a saman direba, don haka aikin gangara da ture bishiya da su yana da haɗari ƙwarai.

Wane ne irin wannan ciniki ya dace da shi?

Ya dace da wanda yake da aikin da ba na gaggawa ba a filinsa, yana iya riƙe sifana da kansa, yana da wurin ajiye ta da haƙurin jiran kaya. Wanda ya karɓi kwangila mai wa'adi, ko wanda duk wani noti sai ya kira bakanike, tsohuwar katafila za ta riƙa tsayar masa da aiki a lokacin da ya fi buƙatarta. Idan aikin na mako ɗaya ko biyu ne, hayar katafila da direbanta ta fi sauƙi.

Na riga na saya. Me zan fara yi?

A nemi littafin gyaranta da na lambobin kaya. A juye duk mai da ruwan da ke jikinta, a wanke tanki, a canja filtoci da fambel da tiyon lagireto, a sa giris a kowane wuri har sai tsohon ya fito. A yi mata aiki marar nauyi na 'yan awanni kusa da inda za a iya gyara ta, ana tsayawa ana duba yoyo da zafin giyoyin ƙarshe, sannan a sake juye baƙin man inji da filtarsa, domin wannan zubi na farko shi ne zai kwaso dattin da shekarun zama suka tara. A jinkirta fenti da sabuwar kujera har sai ta yi wata guda tana aiki.